MAGIMFA: SIFFARTA, INDA TAKE FITOWA DA AMFANINTA GA MANOMAN KUDANCIN KADUNA

Gabatarwa

Idan ka tambayi dattijo a ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi mece ce magimfa, amsar da zai ba ka ba za ta wuce guda ba: ganyen nan ne da ake dakawa a zuba a rafi da rani, kifi ya bugu ya taso saman ruwa a kwashe. Da wannan aikin aka san ta tun kaka da kakanni, kuma dominsa ne ake barin gindi biyu ko uku a bayan gida ko a gefen gona. Sai dai wannan shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin amfaninta, kuma shi ne mafi ɓarna, ga shi doka ta hana.

Babban amfanin magimfa yana cikin gonarka ne. Yau manomin kudancin Kaduna yana fama da abubuwa biyu da suka haɗe masa kai. Na farko, ƙasa ta gaji, domin jama'a sun ƙaru, gonaki sun tsuke, ba a iya barin saura ta huta shekara biyar ko shida kamar yadda iyaye suka yi. Na biyu, kuɗin takin zamani da na maganin ƙwari sun yi tashin gwauron zabo, musamman tun daga shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur darajar naira kuma ta faɗi. Magimfa tana taimakawa ta ɓangarorin nan biyu. Tana mayar wa ƙasa ƙarfinta, ganyenta kuma yana kashe ƙwari. Amma shuka ce mai dafi, kuma akwai gonar da shuka ta zai jawo asara. Saboda haka wajibi ne manomi da malamin gona su san ta sosai kafin su ɗauke ta.

Yadda za ka gane ta

Magimfa ƙaramin itace ne mai rassa da yawa, wanda tsawonsa yakan kama daga rabin mita zuwa mita 4. A ƙasa mai kyau takan wuce tsawon mutum cikin damina ɗaya. Jikinta ba shi da tauri irin na manyan itatuwa, kuma ba ta da tsawon rai, bayan 'yan shekaru kaɗan sai ta fara bushewa. Dangin wake ce da gyaɗa da waken soya, kuma za ka ga wannan dangantakar a furenta da kwansonta da saiwarta.

Abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne gashi. Rassan magimfa, musamman sababbi, a lulluɓe suke da gashi mai laushi, fari ko mai launin tsatsa. Ganyenta jere yake bibbiyu a jikin tsinke ɗaya, irin na tsamiya ko rai-ɗore, sai ɗaya tilo a can ƙarshe. Kowane ɗan ganye dogo ne siriri, yakan kai santimita 5 zuwa 7, samansa kore, bayansa kuma yana da gashi mai sheƙi kamar alharini. Idan iska ta kaɗa ta, daga nesa sai ka ga kamar an barbaɗa mata toka. Daga nan ne ma sunan danginta na kimiyya ya samo asali, domin an ciro shi ne daga kalmar Girkanci mai nufin launin toka.

Furen yana fitowa a cure a kan reshe, siffarsa irin ta furen wake amma ya fi shi girma. Wata magimfar farin fure take yi, wata shunayya, wata kuma tsakatsaki. Kwanson shafaffe ne, tsawonsa santimita 10 zuwa 15, shi ma da gashi mai kauri, a cikinsa akwai ƙwaya daga 6 zuwa 18, baƙaƙe ko masu duhun ƙasa-ƙasa. Idan ya bushe yakan tsage da kansa ya watsar da 'ya'yan.

Ka tone gindi ɗaya a hankali ka duba saiwar. Akwai uwar saiwa mai nutsawa ƙasa da zurfi, wadda ita ce ke riƙe shukar da rai har ƙarshen rani. A jikin ƙananan saiwoyin kuma za ka ga 'yan ƙulli-ƙulli irin na saiwar gyaɗa. A cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke zaune, suna zuƙo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shukar. Wannan shi ne sinadarin da kake saye da tsada a buhun yuriya. Idan ka fasa ƙulli ɗaya da farce ka ga cikinsa ja-ja, to yana aiki.

Sunanta na kimiyya Tephrosia vogelii. An sa mata shi ne a shekarar 1849 domin tunawa da wani Bajamushe masanin tsirrai, Theodor Vogel, wanda ya biyo ayarin Turawan Ingila da suka shigo Kogin Kwara a 1841, ya tattara tsirrai har wajen Lakwaja, sa'an nan ya rasu a tsibirin Fanando Po a ƙarshen shekarar. Ke nan ba baƙuwar shuka ba ce da aka kawo mana daga waje. Tamu ce, a nan Turawa suka same ta.

Inda take so

Magimfa 'yar asalin Afirka ce, ana samun ta tun daga Afirka ta Yamma har zuwa Habasha, daga can kuma zuwa Zambiya da Malawi da Mozambik. Daga baya aka kai ta Indiya da Indunusiya da nahiyar Amurka, inda aka yi amfani da ita wajen rufe ƙasa a gonakin shayi da kofi da roba. Tana son wuri mai ruwan sama daga milimita 850 zuwa sama da 2,500 a shekara, kuma tana yi daga ƙasa mai kwari har tudu mai tsayin mita 2,000. A daji takan fito a bakin kurmi, da gefen rafi, da tsohuwar saura.

Idan ka auna wannan da yanayin ƙasarmu za ka ga sun dace. A Kafanchan da Kagoro da kewayensu, ruwa yakan sauka tun watan Afirilu ya kai Oktoba, kuma yawansa a shekara yakan kai milimita 1,500 ko fiye, saboda duwatsun Kagoro da gefen tsaunin Jos da ke tare iskar damina. Wannan yawan ruwan alheri ne, amma yana da nasa lahani. Yana wanke abincin shuka ya nutsar da shi can ƙasa inda saiwar masara ba ta kaiwa, yana kuma sa jar ƙasar yankin ta yi tsami. A gangaren duwatsu ga zaizaya. Magimfa tana jure ƙasa mai tsami da marar ƙarfi fiye da yawancin danginta, kuma doguwar saiwarta tana ɗauko abin da ruwa ya nutsar ta dawo da shi sama ta cikin ganye.

Abu ɗaya ne ba ta so, shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi. Kada ka ɓata irinka a fadamar shinkafa.

Gyaran ƙasa

Shuka dangin wake domin gyaran ƙasa ba sabon abu ba ne a wannan yanki. A shekarun 1980 masu binciken kiwo sun yi aiki da makiyaya da manoma a Abet kusa da Zonkwa da Kurmin Biri ta wajen Kachiya, inda aka riƙa killace fili a shuka ciyawar sitailo domin shanu su ci da rani, aka kuma lura cewa hatsin da aka shuka a filin daga baya ya fi na maƙwabta kyau. Matsalar irin waɗannan ciyayi ita ce sai da shinge, in ba haka ba dabbobi su cinye su tun kafin su yi aikinsu. A nan ne magimfa ta yi fice. Shanu da awaki da tumaki ba su cika kula ta ba saboda ɗacinta da dafinta. A yankin da ake sakin dabbobi bayan girbi, kuma rikicin gona da kiwo ya riga ya jawo asarar rayuka da dukiya, shukar da za ta tsaya a gona duk rani ba tare da ta ja hankalin garke ba, abin dubawa ce.

A gabashi da kudancin Afirka an gwada ta sosai. Tun shekarun 1990 Cibiyar Binciken Haɗa Noma da Itatuwa ta Duniya, wadda ke Nairobi, ta yi aiki da dubban manoma a gabashin Zambiya da Malawi da yammacin Kenya kan abin da suka kira ingantacciyar saura. Maimakon a bar gona ga ciyawa, sai a shuka mata magimfa ko makamanciyarta na shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan a sare a shuka masara. Amfanin masarar da ke biyo baya yakan fi na gonar da ba ta sami taki ba nesa ba kusa ba, ko da yake ba kullum yake kamo na gonar da ta sami cikakken takin zamani ba.

Hanyar da ta fi dacewa da manomin da gonarsa ba ta da yawa ita ce ya shuka ta a ƙarƙashin masara, domin kada ya yi asarar damina guda. Ka shuka masararka a watan Mayu yadda ka saba. Bayan noma na biyu, wato mako 4 zuwa 6 da shuka, sai ka bi tsakanin kunyoyi ko gefensu ka saka irin magimfa, ƙwaya 2 ko 3 a rami, zurfin da bai wuce santimita 3 ba, tazarar mita ɗaya tsakanin rami da rami. Da wannan tazarar hekta ɗaya za ta ɗauki rami 10,000. Da farko tsironta sanyi gare shi, ba zai takura wa masara ba, sai dai ka kiyaye kada 'yan ƙwadago su nome shi da ciyawa. Bayan ka cire masara a watan Satumba sai ta sami rana da sauran ruwan Oktoba, ta tashi ta rufe gonar.

Kafin shuka akwai abin da za ka yi wa irin. Ɓawon ƙwayar yana da tauri, idan aka shuka shi haka nan tsirowar ba ta zuwa daidai. Ka jiƙa shi a ruwan sanyi kwana ɗaya, ko kuma ka tsoma shi na minti 5 a ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, kimanin digiri 45 a ma'aunin zafi. Ba tafasasshen ruwa ba. Irin da ka jiƙa a ranar za ka shuka shi, kuma a ƙasa mai danshi.

Da rani ganye zai riƙa zuba yana taruwa a ƙasa. Wannan ganyen shi ne takinka, don haka babban abokin gabarka a wannan lokaci shi ne wutar daji. Gindin magimfa yana iya tsira daga wuta, amma naitirojin ɗin da ke cikin ganyen da ya ƙone ya tafi da hayaƙi. Tun watan Nuwamba ka share kewayen gonar faɗin mita 3 ko 4, kuma ka yi magana da maƙwabta da matasa masu farautar gafiya.

Idan ruwa ya kusa, wajen ƙarshen Maris ko farkon Afirilu, sai ka sare ta daga gindi, ka bar ta a shimfiɗe na 'yan kwanaki har ganyen ya kakkaɓe. Karan ka kwashe, yana yin makamashi ko da yake ba ya daɗewa a murhu. Ganyen kuwa ka rufe shi cikin kunya lokacin huɗa. Ganyen magimfa yana ruɓewa da sauri, saboda haka kada ka daɗe ba ka yi shuka ba, don kada ruwan farko ya wanke abin da ya saki. Gonar da ta mutu sosai, wadda tofa ko wuta-wuta suka mamaye, ta fi son a bar mata magimfar har damina ta biyu. Inuwarta tana raunana tofa, ƙarin ƙarfin ƙasa kuma yana rage ɓarnar wuta-wuta ga masara da dawa. Wannan shawara ce mai nauyi ga mai gona ɗaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka raba gonar kashi huɗu, kowace shekara kashi ɗaya yana hutawa.

Malamin gona ya kula da wani abu a nan. Naitirojin kaɗai magimfa ke samowa daga iska. Ba ta ƙirƙiro fosfaras, alhali ƙasashenmu masu tsami suna da ƙarancinsa, ita kanta kuma tana bukatarsa kafin ƙullin saiwarta ya yi aiki. Don haka kada a gaya wa manomi cewa ya rabu da takin zamani. Abin da za a gaya masa shi ne, ɗan kuɗin da yake da shi ya fi kyau ya sa a takin sufa ko NPK, ya rage yawan yuriya, kuma ya ci gaba da kai takin gida da toka.

Gargaɗi ga manomin citta

Citta ita ce dukiyar Kachiya da Jaba da Kagarko da Jama'a, kuma duk manomin citta ya san wahalar neman ciyawa da ganyen da zai rufe gona bayan shuka. Kowace shekara sai an ƙara nisa kafin a samu. Layin magimfa a kan iyakar gona yana iya rage wannan wahalar, domin ana iya sassabe rassanta a shimfiɗa a kan citta tare da ciyawa. Idan za ka yi haka, ka riƙa yanke rassan sama kawai ka bar gindi mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu da 'yan ganye a jikinsa. Idan aka sare ta tas daga ƙasa ba ta cika farfaɗowa da ƙarfi ba.

Amma shimfiɗa ganyen daban, shuka ta a cikin gonar cittar kuma daban. Saiwar magimfa masauki ce ga wata ƙaramar tsutsa ta cikin ƙasa wadda ido ba ya gani, mai sa saiwa ta kumbura ta yi ƙulu-ƙulu. Wannan tsutsar tana hayayyafa a gonar magimfa, kuma tana kama citta da tumatir da barkono da kuɓewa da doya da wake. A citta takan tsumburar da shuka, ta kuma buɗe ƙofa ga cututtukan ruɓa. Saboda haka abin da zai biyo bayan magimfa a gona shi ne masara ko dawa ko dauro ko acca. Citta da kayan lambu su jira sai hatsi ya yi damina ɗaya ko biyu a wurin.

Ga yadda za ka bambanta kumburin tsutsa da ƙullin naitirojin. Ƙullin naitirojin a gefen saiwa yake maƙale, idan ka murza da yatsa sai ya ɓalle. Kumburin tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya cirewa sai ka karya ta.

Haka kuma kada wani ya ruɗe ka cewa ruwan magimfa maganin annobar citta ne. Cutar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, ta hallaka mafi yawan amfanin shekarar, cutar fumfuna ce, dafin magimfa kuwa ƙwari yake kashewa. Maganin waccan yana wajen iri mai lafiya, da wanke iri da maganin da ya dace, da sauya gona, da magudanar ruwa.

Maganin ƙwari

Dafin magimfa ya fi yawa a ganye da ƙwaya. Sinadarai ne 'yan gida ɗaya, waɗanda aka fi sani a cikinsu su ne rotinon da digilin da tefrosin. Aikinsu shi ne su hana ƙwayoyin jikin ƙwaro amfani da iskar da ya shaƙa, sai ya daina ci, ya raunana, ya mutu. Ba nan take yake faɗuwa ba kamar yadda ka saba gani da maganin kanti. Ka ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka yanke hukunci.

Yadda ake haɗa ruwan feshi shi ne, ka tsinko ganye ka shanya a inuwa, domin rana tana kashe ƙarfin dafin. Idan ya bushe ka daka ya zama gari. Ka zuba kilo ɗaya na garin a ruwa lita 10, ka ƙara sabulun ruwa kimanin cokali 6 ko 7 na cin abinci, ka motsa, ka rufe ya kwana. Sabulun ba ado ba ne. Dafin ba ya narkewa sosai a ruwa zalla, sabulu ne ke fito da shi daga ganyen, shi ne kuma ke sa ruwan ya kama jikin shuka. Washegari ka tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ya toshe bakin injin feshi. Wannan ruwan mai kauri ne, sai an sirka. A injin goyo mai cin lita 15, ka zuba lita 3 na ruwan magimfa ka cika da ruwa lita 12.

Ka yi feshi da yamma, bayan la'asar sakaliya. Dalili biyu ne: hasken rana yana lalata dafin cikin 'yan kwanaki, kuma da yamma zuma da sauran ƙwarin da ke barbarar fure sun koma. Ka tabbata ruwan ya taɓa bayan ganye inda ƙwari ke ɓuya. Tun da ƙarfinsa ba ya daɗewa, sai an maimaita duk mako ɗaya muddin ƙwarin suna nan, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. Ya fi tasiri a kan darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ruwan wake da kabeji, da ƙwarin da ke huda ganye, da tsutsotsi tun suna ƙanana. Tsutsar da ta riga ta shige cikin kara ko kwanso ba zai kai gare ta ba. Kayan lambun da aka fesa wa a bar su aƙalla mako ɗaya kafin a tsinka, kuma a wanke su sosai.

A rumbu ma tana aiki. Garin busasshen ganye gram 100 a buhu mai kilo 100 na wake ko masara yana rage ɓarnar gunda na kimanin wata uku, daga nan sai an sabunta. Shawararmu ita ce ka keɓe wannan ga irin da za ka shuka. Abincin da iyali za su ci ka zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ko a duro mai murfi da iska ba ta shiga, domin waɗannan ba su bukatar wani magani ko kaɗan.

Akwai wani abu da ya daɗe yana rikita masu bincike da manoma. Wani zai fesa magimfa ya ga aiki, wani ya fesa ƙwari su ci gaba da sha'aninsu. A shekarar 2012 masu bincike daga Ingila da Malawi suka bayyana dalili: magimfa iri biyu ce a ciki, ko da yake a ido ɗaya ce. Ɗaya tana da dafin, ɗayar ba ta da shi sam. A samfurin da suka tattara a Malawi, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu marar dafi ce. Launin fure ba abin dogara ba ne wajen rarrabe su. Duka biyun suna gyara ƙasa, amma ɗaya ce kawai ke maganin ƙwari.

Malamin gona zai iya gwadawa ba tare da ɗakin bincike ba. Ka sami kwalba biyu, ka zuba wake mai ƙwari daidai wa daida a kowace, ka barbaɗa garin ganyen a ɗaya ka girgiza, ɗayar ka bar ta haka, ka rufe bakinsu da ƙyalle. Bayan kwana 3 zuwa 5 ka zazzage ka ƙirga matattu da masu rai. Idan babu bambanci, to gindin da ka tsinko ganyen ba na magani ba ne. Wanda ya nuna ƙarfi, shi za ka yi wa alama ka ɗebi irinsa ka raba wa manoma.

Dabbobi

Makiyaya a ƙasashen gabashin Afirka suna wanke shanu da ruwan ganyen magimfa domin kashe kaska, ana kuma amfani da shi ga ƙuma da kwarkwatar awaki da karnuka. Akan daka ɗanyen ganye kilo ɗaya a jiƙa a ruwa lita 5, a tace, a shafa da tsumma a wuraren da kaska ke taruwa, wato kunne da hantsa da ƙarƙashin wutsiya. A kiyaye ido da baki da hanci da inda ke da ciwo, kuma kada a bar dabba ta sha.

Alade bai shiga wannan lissafin ba. A cikin dabbobin gida shi ne ya fi kasa jure rotinon. A yankin da gidaje da yawa suka dogara ga kiwon alade, kuma kasuwar Katsit da ke ci ran Alhamis a Kafanchan take tara masu saye daga kudancin ƙasar nan, wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne. Kada ka wanke alade da ruwan magimfa, kada ka zubar da tukar ganyen inda yake tono, kada kuma ka shuka ta a jikin garkensa.

Kifi, doka da lafiyarka

Kifi yana shaƙar dafin kai tsaye ta ƙaiƙayin numfashinsa zuwa cikin jini, shi ya sa ɗan kaɗan ke isarsa. Da rani, lokacin da rafi ya tsinke ya zama 'yan tafkuna, duk kifin da zai hayayyafa da damina a nan yake tare. Magimfa ba ta zaɓe, tana kashe babba da ƙarami da kwaɗi da ƙwarin ruwan da kifi ke ci. Wanda ya zuba ta ya kwashi kwando ɗaya, amma ya kashe na baɗi. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Haka nan, idan ka gama feshi kada ka wanke injinka a rafi, kuma idan kai ko maƙwabcinka kuna da tafkin kiwon tarwaɗa, ka nisanta wurin haɗa maganin daga gare shi, ka kuma duba inda ruwan sama zai bi da tukar. Ka haƙa rami ka binne ta.

Kasancewar magani daga ganye ya fito bai mayar da shi marar lahani ba. A shekarar 2000 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka daɗe ana ba su rotinon sun kamu da alamun cutar karkarwar jiki da likitoci ke kira Fakinson, kuma a 2011 wani binciken a kan manoman ƙasar ya gano cutar ta fi yawa ga waɗanda suka yi aiki da shi. Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da rotinon a gona a 2008. Ruwan ganyen da kake haɗawa bai kai na kamfani ƙarfi ba, amma ka ɗauke shi kamar kowane maganin feshi. Lokacin daka busasshen ganye ne haɗarin ya fi yawa, saboda ƙurar da ake shaƙa, don haka a rufe hanci da baki, a yi a fili, kuma a keɓe masa turmi da taɓarya da bokiti waɗanda ba za su koma madafa ba. Ka sa riga mai dogon hannu da safar hannu, ka juya wa iska baya lokacin feshi, ka yi wanka da sabulu bayan ka gama. Mata masu ciki da yara kada su yi wannan aikin. Ragowar ruwan kada a ɗura shi a kwalbar lemo ko a ajiye inda yaro zai kai hannu.

Tanadin iri

Ba a cika samun irin magimfa a kasuwa ba, daga hannun manomi yake zuwa hannun manomi. Ka bar gindi 10 zuwa 20 daga cikin waɗanda ka gwada ka ga ƙarfinsu, kada ka sassabe su. Kwanson ba ya nuna lokaci ɗaya, saboda haka sai ka riƙa zagayawa duk bayan 'yan kwanaki kana tsinke waɗanda suka koma ruwan ƙasa, da safe kafin zafin rana ya fasa su. Ka shanya su a kan tabarma ka rufa da buhu don kada ƙwayar ta tarwatse, ka sussuke, ka sheƙe, ka zubar da masu huji da shafaffu. Ka adana a kwalba ko gwangwani mai murfi a wuri mai sanyi, ka rubuta suna da shekara a jiki, nesa da kayan abinci, domin ƙwayar ma tana da dafi. Manomin da bai sami iri a ƙauyensu ba ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko ofishin shiyya na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha da ke Samarun Kataf. A shekarar farko ya fara da kunya 10 kawai a gefen da ya fi mutuwa a gonarsa, ya bar wasu 10 a kusa da su yadda ya saba, ya auna masarar kowanne dabam idan kaka ta yi.